Gidan da ya ɓace a Rotherhithe da taswirori ukun da suka gano shi

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya bi tsohuwar malamar makaranta ce da ke zaune a arewacin Ingila. Bayan ta yi ritaya sai ta ɗora wa kanta aikin harhaɗa tarihin dangin mahaifiyarta. Abu biyu ta gada game da kakarta. Na farko takardar haihuwa ce ta shekarar 1893, mai ɗauke da adireshi: gida mai lamba 4 a wani ɗan gajeren jerin gidaje, a gundumar rajista ta St Olave, ƙaramar gundumar Rotherhithe. Takardar ta nuna mahaifin jaririyar ɗan dakon katako ne a tashar jiragen ruwa. Na biyu labari ne da kowa a gidan ya tashi da shi, cewa gidan da aka haifi kakar bom ɗin Jamus ne ya rushe shi a 1940.

Burinta bai wuce ta tsaya a daidai wurin da gidan ya taɓa tsayawa ba, ta kuma sa shi a kan taswira domin jikokinta. Sai dai sunan da ke kan takardar babu shi a kowace taswirar Landan ta yau.

Unguwar da ake magana a kanta

Rotherhithe tana gaɓar kudu ta Kogin Thames, a kudu maso gabashin Landan, inda kogin ya yi kwana ya zagaye ƙasar ta fuska uku. Daga nan jirgin Mayflower, wanda ya kai Turawan Ingila masu ƙaura zuwa Amurka, ya tashi a 1620, kuma a harabar cocin St Mary na unguwar aka binne matuƙinsa, Christopher Jones, a 1622. A ƙarni na 19 tsakiyar unguwar duk ya koma ruwa da rumbuna. Kamfanoni suka haƙa matsayar jirage ɗaya bayan ɗaya, waɗanda daga baya aka haɗe su a ƙarƙashin sunan Surrey Commercial Docks, har suka kai kimanin eka 460. Katakon ƙasashen Baltic da na Kanada shi ne babban kayan da ake saukewa. 'Yan dakon katako suna ɗaukar dogayen alluna a kafaɗa, da hular fata mai leɓe a baya don kare wuya, suna tafiya a kan siririyar gada ta allo zuwa saman tulin katako. Aiki ne na lokaci, domin da sanyi ya shigo tashoshin Baltic suka daskare sai jirage su ɗauke ƙafa. Iyalai irin wannan haya suke biya mako-mako, kuma ba a cika daɗewa a gida ɗaya ba.

Mutane kuwa an matse su a gefe, a layin da ya bi bakin kogi da kuma lungunan da ke tsakanin cocin St Mary da Southwark Park, lambun shaƙatawar da aka buɗe a 1869. Hukumar da ke mulkin wurin ma ta sha canzawa. Kafin 1889 unguwar tana cikin lardin Surrey, daga nan ta shiga lardin Landan, a 1900 aka haɗa ta da Bermondsey, a 1965 kuma ta koma ƙarƙashin Southwark. An rufe tashar jiragen a 1970, aka cike yawancin matsayar da ƙasa, daga 1981 aka shiga sabbin gine-gine. Wanda ya riƙe taswirar yau ya shiga tsakiyar Rotherhithe zai ga tituna da itatuwa a inda jirage suka taɓa tsayawa.

2019: nema da suna

Ta fara da abin da kowa ke farawa da shi. Ta rubuta sunan jerin gidajen a taswirar wayarta, aka nuna mata wani layi mai irin sunan a wata unguwa can arewacin kogi. Landan ta zamanin Sarauniya Victoria cike take da tituna masu suna ɗaya, wanda shi ya sa hukumomin birnin suka shafe shekaru suna sauya sunaye tun daga 1857, har zuwa babban sauyin da aka yi a ƙarshen shekarun 1930. A Rotherhithe kanta Church Street ya koma St Marychurch Street, Princes Street ya koma Mayflower Street.

Sai ta kama kalmar St Olave. Tsohon cocin mai wannan suna a Tooley Street yake a da, kusa da Gadar Landan, don haka ta ɗauka a can aka haifi kakar. Ta je Landan ta zaga wannan yanki, ba ta samu komai ba. Dalili kuwa shi ne a 1893 gundumar rajistar St Olave ta haɗa har da Rotherhithe, can gabas. Sunan ofishin da aka yi rajista ne, kuma layin da ke ƙasa a takardar, mai nuna ƙaramar gunduma, shi ya kamata ta bi.

Ta koma ga ƙidayar jama'a ta ranar 5 ga Afrilu 1891 a wani shafin binciken dangi. Ta samu iyalin, da adireshin da ya yi daidai da na takardar haihuwa. Ƙidayar wannan shekara ita ce ta farko da ta tambayi yawan ɗakunan da iyali ke ciki idan ba su kai biyar ba, kuma amsar da aka rubuta musu biyu ce, a gidan da suke rabawa da wani iyali. A ƙidayar 31 ga Maris 1901 kuma sai ga su da wani adireshi daban, sunan babban titi da lamba mai yawa. Ta rubuta a littafinta cewa sun tashi tsakanin shekarun biyu.

2020: taswirar bama-bamai

Da annobar korona ta sa aka rufe ɗakunan adana tarihi a watan Maris na 2020, sai aikin ya koma kan kwamfuta. Tunda labarin gida ya ce bom ne, ta nufi taswirorin ɓarnar yaƙi da Majalisar Lardin Landan ta shirya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An yi su ne a kan taswirar 1916 ta hukumar safiyo, mai auna ƙasa da zana taswirorin Birtaniya, da aka sabunta zuwa 1940, ma'aikata suna shafa wa kowane gini launi da hannu. Baƙi na nufin ya rushe ƙurmus, shunayya ya lalace ba gyara, ja mai duhu ya yi mummunar lalacewa.

Rotherhithe ta sha launi. Ranar Asabar 7 ga Satumba 1940, ranar da aka fara ruwan bama-bamai a kan Landan, tulin katakon tashar ya kama da wuta, kuma gobarar na cikin mafi girma da Birtaniya ta gani a yaƙin. Ta bi duk wani jerin gidaje da aka shafa wa baƙi ko shunayya, tana neman sunan. Ba ta gan shi ba. Ta gwada taswira mai ma'aunin inci shida a mil ɗaya ta ƙarshen ƙarni na 19, wadda ta nuna manyan tituna da sunayensu, amma ƙananan jerin gidaje duk sun haɗe sun zama dunƙulen zane. Ta kuma duba taswirar talauci ta Charles Booth ta 1898 zuwa 1899, wadda ta shafa wa tituna launi gwargwadon samun mazauna. Ta ƙaru da sanin halin unguwar, gidan kuwa shiru.

Kusan shekara biyu ke nan da farawa, kuma abin da ke hannunta bai wuce abin da ta fara da shi ba, sai ƙarin adireshi na biyu da ita ma ba ta san inda yake ba.

Farkon 2021: taswirori uku

Wani dattijo a ƙungiyar masu binciken dangi ta garinsu ne ya ba ta shawarar ta nemi sake-bugun tsoffin taswirorin hukumar safiyo, ta kuma sayi duk shekarun da ake da su na wurin. Hukumar, wato Ordnance Survey, ta auna Landan da ma'aunin inci 25 a mil ɗaya a shekarun 1860, ta sake bi a farkon shekarun 1890, ta kuma sake dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya. A wannan ma'auni kowane gida da bayan gidansa suna fitowa daban. Asalin takardun manya ne, sai a ɗakin karatu. Tun 1981 kamfanin Alan Godfrey, wanda ke arewa maso gabashin Ingila, yake sake buga su a rage, kimanin inci 15 a mil, a naɗe yadda za su shiga aljihu. Kowace takarda na ɗauke da fili mai tsawon mil ɗaya da rabi da faɗin mil ɗaya. A bayanta akwai taƙaitaccen tarihin wurin, sau da yawa kuma da wani yanki na kundin adireshi na zamanin. Na Rotherhithe akwai na 1868, da 1894, da 1914.

Ta sayi ukun. Ta fara da ta 1894 saboda ita ta fi kusa da shekarar haihuwar, ta bi ta da gilashin ƙara girma. Sunan babu. Lambobin gidaje ma babu, domin taswirorin wancan zamani ba sa sa su, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumar ta fara. Ragewar kuma na da nata wahala. A ma'aunin da aka buga, milimita ɗaya a takarda ya haura mita huɗu a ƙasa, wanda kusan shi ne faɗin gaban ƙaramin gidan haya. Gida guda bai wuce kaurin layin fensir ba.

Da ta koma wa dattijon da ƙorafi sai ya tambaye ta ko ta karanta shafin farko na littafin malamin ƙidaya. Ba ta san akwai shi ba.

Bin sawun malamin ƙidaya

Shafukan binciken dangi suna kai mutum ne kai tsaye ga layin da sunan danginsa yake, su bar shi nan. Alhali kowane littafin ƙidaya na mutum ɗaya ne da aka ba wani yanki, ya bi gida-gida da ƙafa ya raba takardu, ya dawo ya karɓa, sannan ya kwafe su, galibi bisa tsarin da ya bi. A farkon littafin akwai bayanin iyakar yankinsa da sunayen titunan da ke ciki. Ta koma baya shafi-shafi har ta kai wannan bayani. A ciki akwai tituna da dama da ta riga ta gani a taswirar 1894, dukansu a ɗan ƙaramin yanki tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Rotherhithe da kusurwar arewa ta Southwark Park. Filin nema ya tashi daga mil ɗaya da rabi ya koma 'yan layuka.

Daga nan ta shimfiɗa taswirar a kan tebur, ta ajiye shafukan ƙidaya a gefe, ta bi malamin. Ya gangaro ta gefe ɗaya na wani babban titi, ya rubuta wata mashaya da sunanta da sunan mai ita. Nan take bayan mashayar ya shiga jerin gidajen da take nema, ya rubuta gidaje tara, na farkonsu shago ne na mai sayar da kayan masarufi. Bayan na tara ya rubuta gidan mai gadin wani wajen ajiye amalanke da dawaki, sannan ya karya kwana zuwa wani titi mai suna.

A taswira ana nuna mashaya da haruffa biyu kawai, P.H., ba tare da suna ba, kuma a wannan yanki suna da yawa, kasancewar unguwar ma'aikatan jirgi ce. A nan bayan takardar ya yi amfani. Kundin adireshi na wancan zamani yana jera masu sana'a ne bisa tsarin titi, yana kuma faɗin inda wani titi ya ratsa. Talakawa 'yan haya ba sa shiga, amma mai mashaya da mai shago suna shiga. Ta samu sunan mashayar, ta ga tsakanin waɗanne tituna biyu take, ta koma gaban takardar ta samu P.H. ɗin da ya dace. Daga jikinsa jerin ƙananan gidaje ya miƙe, kowanne da ɗan tsakar gida a baya. Ta ƙirga da gilashi, tara ne. A ƙarshensu akwai fili mai katanga da mashiga mai faɗi.

Don ta tabbatar da ƙirgar sai ta shiga shafin Laburaren Ƙasa na Sikotland, wanda ya sa taswirorin hukumar safiyo a intanet kyauta, har da na Landan masu ma'aunin ƙafa biyar a mil ɗaya. A waɗannan milimita ɗaya kusan mita ɗaya ne. Gidajen tara ne. Taswirar 1868 ita ma ta nuna jerin a tsaye yadda yake, wato gidan ya kai aƙalla shekara 25 kafin a haifi kakar a cikinsa.

Saura a san ta wane gefe lambobin suka fara. Shagon ne ya warware wannan. Ƙidaya ta ba shi lamba 1, kundin adireshi kuma ya sa shi a jikin mashayar. Gida mai lamba 4 shi ne na huɗu daga mashayar.

Da aka sake buɗe ɗakunan adana tarihi ta duba jerin sunayen tituna da Majalisar Lardin Landan ta riƙa bugawa, wanda ke nuna sunayen da aka soke da shekarar sokewa. Sunan na ciki. Magina a ƙarni na 19 sukan raɗa wa kowane jerin gidajen da suka gina suna nasa, ko da a kan babban titi yake, har titi ɗaya ya tara sunaye barkatai da lamba 4 sau da yawa. Hukuma ta riƙa soke waɗannan tana sake lambobi daga farkon titi zuwa ƙarshe. Wannan jeri an shigar da shi cikin babban titinsa kafin 1901. Ta koma ƙidayar 1901 ta duba maƙwabta. Iyalin da ke lamba 5 a 1891 suna nan a gida na gaba, mai shagon ma yana nan. Iyalin kakarta ba su tashi ba. Adireshi biyun da ta rubuta gida ɗaya ne.

Taswirar 1914

Ta buɗe ta uku don ta ga yadda jerin yake kafin bom ya same shi. Babu shi. Mashayar babu, wajen amalanken babu. A wurinsu wata doguwar hanya ce mai katanga a gefe biyu, tana gangarawa zuwa arewa maso gabas.

Mashigar ramin Rotherhithe ce, hanyar da ta ratsa ƙarƙashin kogi zuwa Limehouse. Majalisar dokoki ta amince da aikin a 1900, an yi shi daga 1904 zuwa 1908 a ƙarƙashin injiniyan majalisar lardi Maurice Fitzmaurice, kuma Yariman Wales, wanda ya zama Sarki George na Biyar, shi ya buɗe shi a watan Yunin 1908. Saboda amalanken dawaki aka yi shi, don haka dole gangaren ya yi tsawo ba tsayi ba, kuma wannan tsawon ne ya cinye gidaje. Kimanin mutum 3,000 aikin ya tayar a gaɓa biyun. Majalisar ta gina benaye a Swan Lane don tsugunar da waɗanda aka tayar a ɓangaren kudu, ta raɗa musu sunayen garuruwan bakin teku irin su Rye da Hythe da Sandwich. A ƙidayar 2 ga Afrilu 1911 iyalin suna ɗaya daga cikin waɗannan benaye. Ta daɗe da ganin wannan adireshi, ba ta dai taɓa tambayar abin da ya kai su can ba.

Gani ya kori ji. An rushe gidan fiye da shekara 30 kafin ruwan bama-baman 1940 ya sauka a Rotherhithe, kuma taswirar ɓarnar yaƙi ba za ta taɓa nuna shi ba tunda an zana ta a kan ta 1916.

Janairun 2022: gida na biyu

Ba ta yar da labarin bom ɗin ba. Da aka buɗe ƙidayar 1921 ga jama'a a watan Janairun 2022, ta samu kakar ta yi aure tana zaune a ƙarshen gabas na unguwar, yankin da mazauna ke kira Downtown, kusa da cocin Holy Trinity. Ƙidayar 1931 ta Ingila ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana, amma rajistar jama'a ta 29 ga Satumba 1939 ta nuna ta a wannan layi ɗaya. Downtown ne wutar 7 ga Satumba 1940 ta yi wa ƙawanya, kogi a gaba, katako na ci a baya, cocin Holy Trinity ma ya ƙone. A taswirar ɓarnar yaƙi an shafa wa layin baƙi. A nan mahaifiyarta ta yi yarinta. Gidaje biyu ne suka haɗe a bakin dangi suka zama ɗaya.

A lokacin bazarar shekarar ta je Rotherhithe da taswirar 1894 a hannu. Ta auna daga tashar jirgin ƙasa, wadda layin dogonta bai gusa ba, ta gano cewa wurin yana cikin gangaren mashigar ramin. Ta tsaya a jikin katangar da ke sama ta ɗauki hoto.

Hukunci

Abin da ya ci mata shekara biyu shi ne neman suna. Suna shi ne abu mafi saurin gushewa a adireshin Landan na wancan zamani, kuma duk kayan da ta fara da su, wayar da shafin bincike, da suna suke aiki. Labarin gida ya ƙara karkatar da ita, domin ya zaɓa mata shekarar da za ta duba tun kafin ta tabbatar gidan ya kai wannan shekara.

Taswirar 1894 ita kaɗai ba ta warware komai ba, ranar da ta fara buɗe ta ma ta ɗauka ta yi asarar kuɗinta. Ta yi aiki ne bayan an haɗa ta da tafiyar malamin ƙidaya da kundin adireshin da ke bayanta, kowanne yana cike giɓin ɗaya. Ƙidaya ta ba da tsari da yawan gidaje, kundin ya ba mashaya suna, taswira ta ba su wuri a ƙasa. A ganina shawarar sa kundin adireshi a bayan takardar ta kai darajar zanen da ke gabanta, kuma mai saye da bai juya takardar ba ya bar rabin abin da ya biya.

Game da takarda da intanet, kowanne ya yi abin da ɗaya bai iya ba. Ragewa zuwa inci 15 nakasu ce ta gaske ga mai ƙirgar gidaje, kuma ba zan yarda da ƙirgar tara ba da ba a sake ta a babban ma'auni ba. Amma bin tafiyar mutum ta layuka da dama yana buƙatar a ga unguwa gaba ɗaya a lokaci guda, a kuma iya sa fensir, abin da fuskar waya ba ta bayarwa.

Mafi nauyin shawarar dattijon ita ce ta sayen ukun. Yawancin masu bincike suna sayen shekarar da ta fi kusa da takardar da ke hannunsu su tsaya. Da ta yi haka, da ta samu gida na huɗu daga mashaya, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa bom ya rushe shi a 1940, jikokinta kuma su kwafa. Iyalin da aikin ramin ya tayar tsakanin 1901 da 1911, da dalilin komawarsu benen Swan Lane, taswirar 1914 ce ta fito da su, wadda aka zana shekara 21 bayan haihuwar da take bincike.